Nasiha ga Mai Niyyar Yawon Keke a Tsaunin Mambila

Idan hayaƙin motocin birni da hayaniyar direbobi sun ishe ka, har zuciyarka ta fara raya maka ka nemi wata ƙasa inda za ka wuni a kan keke ba wanda zai ce maka kauce, to ina yi maka bushara da cewa akwai irin wannan ƙasa, ita ce Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru; ina kuma yi maka gargaɗi, domin sauke nauyin amana, cewa illar da ta hana motoci bin hanyoyin ƙauyukanta ba ta yi wa keke togaciya ba.

Sharaɗi na farko shi ne keken kansa. Tsohon Raleigh ɗin nan da ka gada, mai kariya da ƙararrawa, wanda ya yi wa mahaifinka hidima shekara da shekaru tsakanin gida da gona, ka bar shi a zaure ya huta, domin bai yi maka laifin da za ka kai shi can ba. Ka nemi mai giya. Sai dai in za ka yi wa iyalinka bankwana ka tsaya ka fayyace musu irin giyar da kake nufi, gama na san gidan da aka kwana ana salati don maigida ya ce ba zai iya tafiyar ba sai da giya ishirin da ɗaya. Ka haɗa da famfo, da faci, da sholisho, da robar birki ta sauyi, saboda mai facin da ya fi kusa da kai yana iya kasancewa tafiyar yini.

Hanyar daga Jalingo take, ta Bali, ta Serti, har Mayo Selbe, inda ƙasa ke miƙewa tsaye a gabanka kamar garu, kwalta kuma ta dinga naɗewa a jikin dutse kamar rawanin alƙali. A nan masana sun kasu biyu. Wasu na ganin mutunci ya wajabta a hau da ƙafa, wasu kuma na ganin a ɗaure keken a bisa mota a sauka a Maisamari, a karkaɗe riga, a yi shiru. Ni dai ra'ayi na biyu na rinjayar, kuma ban taɓa jin an tambayi baƙo shaidu a kan wannan ba.

Da ka wuce Nguroje ka saki kwalta ka kama burtali, a nan ne babbar mas'ala za ta taso, wato tsakaninka da keken wane ne mahayi. Domin Mambila, ko da yake ana kiranta shimfiɗaɗɗen tsauni mai tsayin kimanin mita 1,600, ba shimfiɗa ba ce irin ta tabarma, tudu ne bayan tudu, kore shar, kowanne da kwari a gindinsa, kowane kwari da rafinsa. Za ka murza feda a farkon tudun da ƙarfin hali, ka sauko giya ɗaya bayan ɗaya har ka nemi wata ka tarar sun ƙare, sa'an nan ka sauka ka tura, in jar laka ta cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafa ta ƙi juyawa ka saɓa shi a kafaɗa. A wannan hali za ka tuna yadda kake goyon yara a kansa a gida, ka gane cewa yau keke ne ya karɓi bashinsa. Idan wata tsohuwa da kayan itace a bayanta ta wuce ka tana yi maka sannu, ka amsa da ladabi, kada ka yi ƙoƙarin cim mata.

Gangara kuwa ni'ima ce mai ɗauke da jarrabawa. Ka riƙe birkin baya tun daga sama, kada ka damƙe na gaba farat ɗaya sai in kana son ka riga keken isa kwari. Kuma ka sani cewa inda babu mota akwai shanu, domin sanyin ƙasar da ƙarancin tsando sun sa ta zama aljannar makiyaya. Na taɓa shan wata kwana na tarar da wani farin bijimi kwance a tsakiyar burtali yana tuƙa, na buga ƙararrawa har yatsana ya gaji, shi kuwa ya dube ni duban da attajiri ke yi wa mai neman bashi, ya ci gaba da abin da yake yi. Direba ana yi masa magana ya ji, wannan kuwa sai an jira yaron da ke kiwonsa.

Kada ka tambayi kowa nisan gari. Za ka ce wa makiyayi "Jam na?", gama Fulatanci ne harshen hulɗa a can, ya amsa da fara'a, ya nuna maka rufin kwano yana walƙiya a tsallaken kwari ya ce ga shi nan kusa, kuma alal haƙiƙa bai yi ƙarya ba, sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Malamanmu sun ƙayyade mil 48 ga tafiyar ƙasaru, ni kuwa na wuni a can daga hantsi zuwa almuru ban ci rubu'in haka ba, alhali gwiwoyina suna rantsuwa sun je Makka sun dawo.

Sai sanyi. Mutumin Sakkwato da ke alfahari da hunturun garinsu ya bari sai ya taɓa ruwan alwalar asuba a Nguroje. Maganinsa shayi, wanda a nan Kakara ake noman ganyensa, da bargo biyu. Ka je da rani, domin damina a can doguwa ce, ruwa kuma ba ya sallama kafin ya shigo.

In wani ya zuga ka ka nufi Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, ka ce masa kai ɗan keke ne, iyakarka Gembu. Idan Allah Ya kai ka can kana bisa sirdi, ba sirdin ke bisa kanka ba, ka aiko mini da takarda, amma ka sa mutum biyu adalai su sa hannu.