Zuwa ga Hajiya Kwamfuta, Mai Yaji da Tsakar Dare

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kin huce, ina neman bahasin abin da kika yi mini daren jiya a ɗakinmu na Misfala.

Bayan isha na ba ki aiki ɗaya tak: ki tura bidiyon umarar baƙinmu na Katsina ga 'ya'yansu a gida. Na kashe na'urar sanyaya ɗaki don tausayin aljihu, na taka zuwa Harami. Da na dawo bayan asuba sai na tarar da fuskarki baƙa ƙirin, cikinki kuwa kamar tandar masa. Da na lallaɓa kika farfaɗo, ashe a kashi 97 kika ajiye aikin. Casa'in da bakwai, Hajiya! Ko jaki ba ya zubar da kaya a ƙofar gida.

Maganar harafin "k" da ke maƙalewa, da sabunta kanki da kike yi ba sallama, na bar wa Allah.

Maƙwabcina ya ce alhakinki ne ya kama ni, wai wata uku ban kashe ki ba. Da na kai ki wurin mai gyara na faɗa masa haka, sai ya yi dariya. Ya ce 'yan'uwanki da ke riƙe da intanet shekaru suke yi a kunne, amma a ɗakuna masu sanyi. Daɗewa a kunne ba ta cika kisa ba, zafi ne ajalinku. In ƙwaƙwalwarki ta doshi digiri 100 sai ki rage gudu, in abin ya ƙi ki yanke wuta da kanki kada ki ƙone. Wai dabara ce. Dabarar da ba ta iya jiran kashi uku?

Mai gyaran ya kwance bayanki, ya zaro ƙura daga fankarki, dunƙule guda kamar audugar matashi. Batirinki ya kumbura kamar fanke, don kullum yana jone da wuta, cike taf, cikin zafin Makka. Sai ya tambaye ni inda nake ajiye ki. Na ce a kan katifa. Ya ce to da hancin wa za ki sha iska? Na yi shiru. Laifi tudu ne.

Amma ke ma ki ji kunya! A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, firjin da ke lungu bai ce uffan ba. Dare da rana yake aiki tun kafin a ƙera ki, bai taɓa yin yaji ba, bai taɓa neman a hura masa hanci ba. Ke kuwa 'yar gata, sai an yi miki fifita.

Na ji, na sauke ki kan tebur, na sa miki katako biyu a ƙasa, in ba aiki da dare ki yi barcinki. Riyal 150 na sabon batir kuma bashi ne a kanki. Mutanen Katsina sun kira sau huɗu tun safe, na ce musu Hajiya ba ta jin daɗi.

Naki,
Mai katifa