Kurman Majalisa, Zakin Waya

Gajeren saƙon intanet ya fi karɓuwa wajen wanda baki ke yi wa nauyi. A majalisar Tudun Jukun da ke Zariya, gaisuwa kaɗai aiki ce: kwana, gajiya, iyali, jikin tsoho, kowace tana jiran amsa nan take. Waya kuwa ba ta tambayar mutan gida. Twitter ya fito a 2006 da iyakar haruffa 140, waɗanda ko gaisuwar Bazazzagi ba za su ɗauke ba. Shi ya sa saurayin da sai da ɗan rakiya yake iya zuwa zance ke kwana yana yi wa gwamnati gyara da babban yatsa. Muhawara na yin zafi, sai ya ce caji ya ƙare.