Inda Yake Yoyo

Ranar da muka tashi daga taron ƙungiyarmu ta ci gaban gari, wani dattijo da nake kira Kawu ya riƙe hannuna a bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗana, yau ba mu ji bakinka ba. Kowa ya yi magana, an tsai da shawara a sake tara kuɗi, kai ko ka sunkuyar da kai har anka shafa fatiha." Na ce masa bakina ya yi ƙanƙanta a gaban manyan da ke layin gaba, amma ina da wani labari da zan rubuta, mai so ya karanta. To ga shi, Kawu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani Alhaji ne ke da babban shagon magani a nan wajenmu. Sari yake bayarwa. Masu ƙananan kemis na ƙauyukan Moriki da Zurmi, har da wasu daga Shinkafi, wurinsa suke ɗauka maimakon su bi hanya har Gusau. Na yi masa aikin rubuta lissafi na wani lokaci, don haka a kan idona aka yi komai. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya nake faɗa. Ba ya sayar da jabu. Da ya lura an rubuta a jikin kwalaye da yawa cewa kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30, bai ji ƙyashin kuɗinsa ba, ya sayo iyakwandishan babba, irin mai tsayuwa a ƙasa, mai ƙarfin doki 5, ya haɗa masa janareta. Duk wanda ya san watan Afrilu a arewacin Zamfara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kwano yana ƙara a saman kai, ya san ba don burga ya yi ba.

Shekara biyu injin yana aiki lafiya. A bazara ta uku sai ya canza hali. Fitila tana kamawa, fanka tana juyawa, iska tana fitowa, amma in ka kara hannu sai ka ji ta ɗumi kamar numfashin mutum.

Alhaji ya kira mai gyara daga birni. Ya zo a mota, da riga mai rubutu a baya, da tukunyar gas a but. Ko ruwa bai tsaya sha ba, domin hanyarmu ba wadda ake so yamma ta riski mutum a kanta ba ce. Ya zagaya baya, ya ɗaura geji, ya ce gas ya ƙare. Ya ɗura, ya karɓi kuɗin aiki da na mai, kafin kiran la'asar ya juya. Sanyi kuwa ya dawo, Alhaji ya yi ta sa masa albarka. Mako uku aka yi. Aka sake kira, ya sake ɗurawa, aka yi mako biyu. A zuwa na uku kwana tara kawai sanyin ya yi. Ni ke rubuta kuɗin a littafi, layi ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowanne da sunan "gas".

Da abin ya ishi Alhaji sai ya shiga neman mai laifi, ya kuwa same shi kusa. Akwai wani yaro da bai wuce shekara 16 ba, shi ke shara da ɗaukar kwalaye, shi ke kunna inji da safe, a shagon ma yake kwana. Aka ce shi ke barin ƙofa a buɗe sanyi yana gudu, har aka yanke masa wani abu daga ɗan kuɗinsa na wata. Sau biyu ina ji yaron nan ya durƙusa ya ce, "Alhaji, akwai wani mai da ke tsatsowa a bayan inji, ƙura na manne masa." Alhaji ya ce, "Kai mi kas sani? Wanda yaz zo daga birni da kayan awo bai gani ba, sai kai?" Yaro ya ɗauki tsintsiyarsa. Ni ma da na ji, shiru na yi, kuma har yau shirun yana damuna.

Bari in tsaya nan kaɗan, don wanda bai san cikin injin ba zai ɗauka gas kamar fetur yake, ana ƙona shi yana ƙarewa. Iyakwandishan ba ya ƙera sanyi, dakon zafi yake yi daga ɗaki zuwa waje. Kowa ya san dalilin da ruwan randa ke sanyi: ɗan abin da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana bushewa, yana tafiya da zafi. Haka gas yake yi, sai dai shi a rufe yake cikin bututun jan ƙarfe. A injin ciki yakan tashi daga ruwa ya zama tururi, ya kwashe zafin ɗaki. Kwamfuresa ta matse shi ta tura shi injin waje, fanka ta hura masa iska ya sauke zafin ya koma ruwa, ya sake shigowa. Zagaye yake yi, shekara da shekaru, ba ya raguwa. In ya ragu, to akwai ƙofar da yake bi ya fita. Mai ɗura gas bai toshe ƙofar nan ba, rariya yake cikawa da ruwa, kuma ya fi kowa sanin haka. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai biyan kuɗi sau uku a kan ciwo ɗaya bai taɓa tambayar ina na jiya ya tafi ba, shi ma yana da nasa kason.

A karo na huɗu mutumin birni ya ce ba zai iya zuwa ba, hanya ba daɗi a makon. Dole ta sa aka aika Kaura Namoda wurin wani tsoho mai gyaran firij, wanda rumfarsa ke can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya tsaya tun 1929. A bayan mashin ya zo, da 'yar jaka a cinya. Alhaji ya dubi hannunsa ya ce, "Malam, ina gas ɗin?" Ya ce, "Ranka shi daɗe, bari in gaida marar lafiya tukuna." Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Wa ka kwana da wanga inji?" Aka nuna yaro. Tsoho ya ja benci ya zaunar da shi kusa da shi, ya ce, "Ɗana, ba ni labari tun daga farko." Yaro ya faɗi yadda ƙanƙara ke kama siririn bututu da hantsi, yadda injin waje ke yin gurnani ya mutu da tsakar rana sai ya huce ya tashi, da zancen man nan. Tsoho ya tambayi launin tukunyar da ake zuwa da ita. Yaro ya ce koriya ce. Na ga fuskar tsohon ta canza, amma bai ce komai ba.

Daga mai sauƙi ya fara. Ya karɓi rimot ya tabbatar a kan sanyi yake ba a kan fanka ba, ya ce ya sha yin tafiya mai nisa saboda wannan kawai. Ya zare ragar tace iska ta injin ciki, sai ga ta kamar bargo, ƙurar hunturu biyu ta toshe ta. Ya ba yaro ya wanke. Ya sa mita ya auna wutar janareta, ya auna kafasita, duk lafiya. Sai muka zagaya baya.

Can ne ya tsaya ya riƙe haɓa. Saboda tsoron ɓarayi, Alhaji ya sa an gina wa injin waje ɗan ɗaki na bulo, ko'ina a matse, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Da aka buɗe, hucin da ya buge mu kamar an buɗe tanda. Zafin da injin ya fitar ba shi da wurin zuwa, shi yake sake shaƙa, har kwamfuresa ta yi zafi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Tsoho ya ce a fasa bulon a yi keji na rodi wanda iska ke ratsawa. Alhaji ya ce, "In anka sace fa?" Ya ce, "Alhaji, ɓarawo bai ɗauka ba, amma tsaron da kay yi mai ya kusa kashe shi."

Sai ya nemi ruwan sabulu a kofi. Ya ce wa yaro, "Nuna min wurin." Yaro ya sa yatsa a kan wani noti inda bututu ya haɗu da injin, wurin ya yi baƙi, ƙura ta daskare da maiƙo. Tsoho ya bayyana mana cewa man kwamfuresa tare da gas yake yawo, don haka duk inda gas ke fita sai ya bar shaida. Ya goge, ya shafa kumfa. Muka sunkuya mu huɗu muna kallo. Ƙwai ɗaya ya kumbura a hankali, ya fashe, wani ya biyo. Bakin bututun ne ya tsage saboda girgiza, tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba. Alhaji ya daɗe yana kallon kumfar nan.

Saura zancen koriyar tukunya. A jikin injin an rubuta R410A, wanda aka saba sayarwa a tukunya mai ruwan hoda. Koriya ta R22 ce, tsohon gas mai lahani ga rufin sararin sama da ke tare mana kaifin rana, wanda ƙasashen duniya suka amince a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 su bar irinsa, ƙasashe irin namu kuma aka ba su zuwa 2030. Ƙarfin matsinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba a gauraya su. Ashe sau uku ana ɗura wa injin abin da ba nasa ba, yana tsiyayewa sama ta bayan shago.

Tsoho ya yanke bakin bututu ya sake buɗa shi, ya ɗaure. Ya aika Kaura aka kawo masa kayan aiki, ya cika layin da naitirojin, ya sa alama a kan geji. Alhaji ya ce yamma ta yi, ya kamata ya kama hanya. Ya ce, "Ba ni komawa yau. Awo na son kwana." A tabarma ya kwana cikin shago, gefen yaron. Da asuba allura tana nan inda ya bar ta. Sannan ya zuƙe iskar ciki da injinsa, ya ɗura gas na ainihi a kan sikeli, daidai nauyin da aka rubuta a jikin injin, bai ƙara ba bai rage ba. Ya sa ma'aunin zafi a inda iska ke shiga da inda take fita, tazarar ta kai digiri 10. Ya ce yaro ya riƙa wanke raga duk mako biyu, in an kashe inji kuma a jira minti uku kafin a kunna.

Abin da bai gyaru ba shi ne magani. Makonnin da ɗaki ya yi yana dahuwa sun taɓa kaya, wasu ruwan maganin yara sun canza launi, masu matsawa sun narke a leda. Alhaji ya ce ba zai sayar wa mai ciwo da su ba, muka kwana biyu muna warewa ina rubutawa. Asarar ta ninka kuɗin gas ɗin nan uku nesa ba kusa ba. Da muka gama ya kira yaron ya ce, "Tun yaushe kag ga man nan?" Yaro ya ce, "Tun kafin zuwan farko, Alhaji." Alhaji ya sa hannu a aljihu ya mayar masa da abin da aka yanke masa, ya roƙe shi ya yafe masa, a gaban kowa.

Kawu, kuɗin da aka ce a tara, wannan ne karo na huɗu a kan matsala ɗaya, ni ma ina riƙe da lissafi. Zan kawo nawa ranar Juma'a in sha Allahu. Zan kuma zo da mutum biyu daga unguwar da abin ya shafa, waɗanda ke kwana da shi. Ina roƙon alfarma a ja musu benci, a bari su fara magana kafin a buɗe jaka.