Ni da Noti Mai Lamba 12

Salansar motata ta fara tsiya ne a hankali, kamar tarin tsoho, har ta kai matsayin da idan na shawo kwanar unguwarmu yara kan ruga su buɗe ƙofa tun ban yi hon ba. Liman ma ya taɓa ce mini, cikin ladabi, in riƙa tafiya masallacin asuba da ƙafa.

Da bakanike ya faɗa mini kuɗin aiki, sai na yi dariya. Noti biyu ne fa kacal da 'yan robobin rataya! Ranar Asabar na shiga Panteka na sayo sabuwar salansa, na jawo akwatin kayan aikin marigayi Babanmu, wanda ya yi shekaru yana lallaɓa Fijo 504 da shi, irin wadda ake haɗawa a nan Kaduna a da. Abin da ban lura da shi ba, Fijo mutuniyar sifana 13 ce, ita kuwa motata Corolla, kamar sauran motocin Japan, 10 da 12 da 14 ta sani. Na birkice akwatin kaf, babu 12. Na ce to mene ne milimita ɗaya tsakanin 'yan'uwa?

Noti na farko ya yi ƙara ya kwance. Na leƙo daga ƙarƙashin mota na ce wa uwargida ta ɗora shayi, aiki ya zo ƙarshe.

Na biyun ne ya nuna mini shi ɗan Turai ne. Motar ta hannu ce, ta yi ƙuruciyarta a ƙasar da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ga zafin hayaƙi kullum yana gasa ƙarfen yana hucewa. Tsatsa ta riga ta ɗaura musu aure da kusarsa, irin na mutu-ka-raba. Na ja, shiru. Na zura bututun ruwa a hannun sifanar don ƙarin ƙarfi, na tokare ƙafa da taya, na yi bismilla. Sifana ta zame, yatsuna suka daki ƙarfe, garin tsatsa ya zubo mini a ido da baki. Na sake gwadawa, ta sake zamewa. Kafin azahar, notin nan mai kusurwa shida ya koma sumul kamar kan jariri ranar suna.

Sai maƙwabta suka taru, ƙafafunsu kawai nake gani. Mai silifa shuɗi ya ce man birki. Mai sau-ciki ya ce kananzir. Wani tsoho ya rantse cewa Coca-Cola ce maganin tsatsa, aka sayo, ya shanye rabi don ya tabbatar ba jabu ba ce, sauran ya gangaro ta hannun rigata har hammata. Na kama notin da filaya, ta ƙara goge shi. Na ɗauko guduma da cizal, na auna, na rufe ido saboda tsatsa, na maka. Cizal ya kauce ya huda bututun gaba, wanda lafiyarsa lau tun daga Baljiyam.

"Malam," in ji uwargida, "shayin ya huce sau uku. In kira mai gyara?"

Na ce mata ba a yi notin da zai gagare ni ba. Ta ce ai noti kam akwai wanda ya kwance a gidan nan, amma ba na motar ba.

Bayan la'asar na sallama. Na kwance wayar shanyarta na ɗaure salansar da ke reto, na ɗauki ƙaramin ɗana muka nufi wajen mai walda, mota tana ruri kamar injin niƙa. Ogan ko tashi bai yi daga benci ba, ya turo wani yaronsa da ko gemu bai fara ba. Yaron ya kunna wutar gas, ya gasa notin har ya yi ja wur, ya buga masa soket ƙarami da hama har ya cije, ya murɗa sau ɗaya. Notin ya faɗo ƙasa yana hayaƙi. Ban gama gyara hulata ba.

Ya juya shi da tsinken waya yana girgiza kai. "Baba, wane azzalumi ne ya yi wa notin nan haka? Ga bututu ma ya ɓula."

Na haɗe rai na ce wani bakanike ne, kuma daga yau na bar kai masa mota.

"Abba ne," in ji ɗana, da murya mai kaiwa layi na gaba. "Da sifanar Kaka. Har kuka ya yi."

Tsatsa ce ta shiga idona, amma babu wanda ya tsaya jin bayani. Ogan, da sai yanzu ya miƙe, ya lissafa kuɗin cire noti, da toshe huda, da ɗaura salansa, jimilla ninki biyu na abin da na yi wa dariya ranar Juma'a. Muka dawo gida mota shiru kamar ɓarawo, har sai da na yi hon sau uku kafin a buɗe. Uwargida na tsaye da bokitin wanki a hannu, tana tambayar ina wayarta.