Yadda Ake Gasa Ƙirjin Sa a Obin Ba Tare da Gida Ya Watse Ba

A teburin mahauci, ko a kasuwar Batsari ko a ta Safana, nama ma yana da sarauta. Tozo ne sarki, cinya ce waziri, hanta da ƙoda 'yan gaban goshi. Ƙirji kuwa shi ake tura wa yaron da aka aika, don an san ba zai yi gardama ba. Laifin da ake ɗora masa ɗaya ne, wai tauri gare shi, mai cin sa sai muƙamuƙi ya yi tsami. Ni dai a ganina an zalunci naman nan. Duk fasahar gashinmu an gina ta ne a kan sauri: tsire a yanka shi falle-falle a kafa gefen wuta, balangu a juya shi kan waya, kilishi a feɗe shi har ana hango rana ta cikinsa. Gwaninta ce ta gaske, amma kowace dabara a cikinsu hanyar kauce wa jira ce. Ƙirji ne kaɗai ya ƙi a yi masa wannan wayon. Saboda haka abin da mai son gasa shi zai koya bai wuce abu guda ba, wato ya sa shi a wuta marar ƙarfi ya tafi ya ba shi wuri. Da jin sa kamar da sauƙi, amma a gidan Bahaushe mai mata da yara da baƙi, babu aikin da ya fi shi wuya.

Taurin yana da dalili. Sa ba shi da ƙashin nan da ya tokare kafaɗa da ƙirji irin na ɗan Adam, don haka tsokar ƙirjinsa ce take ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa duk lokacin da yake tsaye ko tafiya. Tsokar da take irin wannan aikin cike take da farar jijiya. Idan wuta mai ƙarfi ta same ta, sai naman ya ƙanƙance ya matse ruwansa tun jijiyar ba ta ji komai ba, a sauke abu baƙi a waje, roba a ciki. Idan kuwa zafin cikin naman ya haura digiri 70 a hankali kuma ya daɗe a can, jijiyar narkewa take yi ta koma danƙo mai maiƙo, irin wanda ke manne leɓe a farfesun ƙauri. To wannan bayanin sa ne na ko'ina. Balle a zo ga Bunaji ko Rahaji da ya yi rayuwarsa yana bin makiyaya, ko san huɗa da ya ja garma damina bayan damina a gonakin Runka da Wagini. Irin wannan ƙirji ya sha wahala a duniya, ba zai miƙa wuya cikin rabin awa ba.

Masu ganin zancen ya yi yawa su dubi jihar Tekzas ta Amurka, inda ƙirji ya zama abin alfahari. Mahautan da suka yi ƙaura can daga Jamus da ƙasar Cek a ƙarni na 19 su suka kafa al'adar banda naman da ya yi kwantai a shagunansu. A yau a birnin Ostin akwai shagon Franklin Barbecue, wanda Aaron Franklin ya fara a 2009, inda mutane ke bin layi na awoyi tun da safe don yankan ƙirji da aka bari a hayaƙi sama da awa 12, ba a sa masa komai ba sai gishiri da masoro. Wato naman da muke bai wa ɗan aike, can manya ne ke zuwa da kujerunsu suna jiran sa.

Aikin yana farawa daga wurin saye, kuma a nan ake yin asarar farko. Hannun mahauci ya saba da sara, kafin ka rufe baki ya mai da maka naman gunduwa-gunduwa. Don haka tun daga nesa za ka fara da kirari: "Sarkin Fawa, ƙirji nike so, kilo uku, a cire ƙashi, kada a sara." Zai dube ka ya ce, "Alhaji, lahiya? Mi za ka yi da shi haka?" Kada ka tsaya bayani, bayanin ba zai gamsar da shi ba, kai dai ka sa ido a kan wuƙar. A bar masa kitsen da ke bayansa, kaurin ɗan ƙaramin yatsa. Idan an yanka san turke da ya sha dusa da harawa, ka yi sa'a. Idan kuwa ka ga naman ja wur ba ɗigon fari, ka sa a ƙara maka ɗan yankin tozo, domin shanun Amurka da masara ake cika su a ƙarshe, kitse ya ratsa tsokarsu, namu kuwa sai an yi musu aro.

Kayan haɗi ba su da yawa. Gishiri kimanin cokalin shayi biyu a kowane kilo, masoro dakakke da ɗan yawa, tafarnuwa, citta kaɗan. Yajin ƙuli a ajiye shi sai wurin ci, don idan ya yi awoyi cikin tururi caɓewa yake yi. A shafe naman ko'ina, a ɗora shi kan waya kitsen yana sama, a sa faranti da ɗan ruwa a ƙarƙashi don tare abin da zai ɗiga. Obin kuma a tsai da shi a digiri 130. Wanda ya sa nasa da hantsi, ya sa rai bayan La'asar, ci kuwa sai Magariba. Wanda ya yi wa baƙi alkawarin abincin rana ya yi wa kansa.

Awa uku na farko naman a buɗe yake, yana yin ɓawo mai duhu. Daga nan sai ya shiga wani hali da ke zautar da sabon shiga: zafin cikinsa ya kai wajen digiri 65 zuwa 70 ya tsaya cak, awa ɗaya, awa biyu, kamar an kashe wutar. Ba abin da ya lalace. Ruwan da ke fita daga jikinsa ne yake sanyaya shi daidai gwargwadon yadda obin yake zafafa shi. Maganinsa a naɗe shi tsaf cikin takardar alminiyom, tare da yankakken tozon nan ko cokali biyu na man shanu, da albasa, da rabin kofin ruwan tsamiya, a mayar. Amma a daidai wannan lokacin ne maƙiyan ƙirji ke bayyana, kuma duk 'yan gida ne. Na farko shi ne hannun maigida, wanda ke buɗe ƙofar obin kowane minti goma "don ya gani," alhali kowace buɗewa zafi ne ke fita, jira ke ƙaruwa. Na biyu uwargida, wadda ta shekara ashirin tana ciyar da gidan nan ba tare da ma'aunin zafi ba, za ta leƙo ta ce, "Malam, a ƙara masa wuta mana, ko so kake yara su kwana da yunwa?" Tana da gaskiya a kan yaran, shi ya sa mai hankali yake roƙon a ɗora tuwon rana kamar kullum, kada a haɗa cikin kowa da wannan gwaji. Na uku aboki ne da ƙamshi ya jawo, ya zo wai gaisuwa, ya ce a ɗan yanko masa gefe ya ɗanɗana gishiri. A shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kai masa ruwa, a ɗauko hirar farashin taki.

Za a ce gashin da bai sha hayaƙi ba ai ba gashi ba ne. Wannan suka tana da nauyi, domin obin ba ya ba da ƙamshin itace, kuma ba za a ga jan zoben nan da ke fitowa ƙarƙashin ɓawon naman banda ba. Sai dai zoben ado ne, iskar hayaƙi ce ke riƙe jan launin tsoka, ba shi da ɗanɗanon kansa. Ƙamshin kuwa ana iya aro shi: a ɗora naman kan garwashin gawayi na 'yan mintoci kafin ya shiga obin, ko a ƙarshe a sa garwashi guda a ɗan kwano kusa da shi, a ɗiga masa mai, a rufe na minti biyar. Sannan wanda yake zaune a bakin Dajin Rugu ya san itace ya daina zama abin da ake fita a ɗebo hankali kwance. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, saboda 'yan bindiga da ɓarayin shanu. A yankin da ya ga wannan, ƙona itacen wuni guda don nama ɗaya ba burgewa ba ce, kuma naman da aka samu da kyar bai kamata a ƙone shi da gaggawa ba.

Za a kuma ce, obin a ina, wutar a ina? Gaskiya ne, wanda ya dogara da lantarki na awa bakwai a jere ya cika mai kyakkyawan zato. Na gas ya fi amana, kuma da yake ƙaramar wuta ake so, ba ya shan tukunyar gas ɗin kamar yadda ake tsoro. A dai girgiza ta tun da safe, kada ta ƙare ana tsakiyar aiki. Marar obin kuma yana da dabarar da mata masu yin kek suka daɗe da sani: babbar tukunya, yashi a gindinta, murfi mai kamawa, gawayi kaɗan-kaɗan a ƙasa. Akwai kuma tanderun gidan burodi, wanda ke riƙe zafi awoyi bayan an kwashe burodin. Ta fuskar wuta babu kamarsa. Ta fuskar tsaro kuwa, naman da ya wuni a hannun samari masu aikin ƙarfi yana iya dawowa ya rame fiye da yadda kimiyya ta yi bayani.

Sukar da ta fi kaifi ita ce ta tsofaffi: in dai laushi ake nema, me ya hana a jefa shi a tukunya da ɗan kanwa, cikin awa biyu a gama? Zai yi laushi kuwa. Amma daɗinsa zai tsere cikin romo, a bar ka da zare-zaren nama mai launin toka, wanda gara a daka shi a yi dambu. A obin ruwan naman da kitsensa ba su da wurin zuwa sai cikinsa, ga ɓawon da tafasa ba ta taɓa bayarwa. Abinci biyu ne daban, kuma mai son farfesu ba wanda ya hana shi.

Agogo ba ya faɗin nuna. Mai ma'auni ya nemi digiri 93 zuwa 95 a tsakiyar naman. Marar shi ya soka tsinken tsire ta cikin takardar, idan ya shige ba tare da turjiya ba, ya yi. In ya cije, a mayar, ko da an kira sallah. Bayan an sauke sai jarrabawa ta ƙarshe, wadda ta fi kayar da mutane: kada a buɗe. A sa shi yadda yake a naɗe cikin kular abinci, a rufe, a ba shi awa guda, kular kuma a kai ta ɗakin da ke da makulli. Wanda ya yanka da zafinsa zai ga ruwan da ya wuni yana tattali ya malale a faranti. Wurin yanka a duba inda zaren naman ya nufa a gitta masa wuƙa, kaurin fensir, kuma da yake tsoka biyu ce a haɗe, kowace da inda ta dosa, idan aka kai tsakiya sai a juya shi. Ruwan da ya taru a takardar a tafasa shi da tumatir da ɗan zuma da daddawa, a zuba a gefe. A ci da gurasa, ko da dafaffen rogon Batsari da yajin ƙulin da aka ajiye tun safe. Kwanon maƙwabta a fitar da shi tun kafin a zauna, domin sun wuni suna shaƙar ƙamshin ta kan katanga, kuma sun ƙirga awoyin tare da kai.