Dawaki 400 a Kan Ƙanƙara

A birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, motocin tsere a watan Satumba suke yin araha. Kowa a garin ya san dalili, har yaran firamare. Ni kuwa na ɗauka Allah ne ya dubi zuciyata ya karya mini farashi.

Ja ce wur, ƙofa biyu, injin silinda 8, ƙarfin dawaki sama da 400, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Tsakanin cikinta da kwalta bai kai taƙi ba. Baturen da ya sayar mini da ita mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tunda ya mallake ta bai taɓa fita da ita da hunturu ba, daga Oktoba yake lulluɓe ta a gareji sai Mayu. Na ce a raina, ka ji mai adana kaya, ashe ma rabin rayuwarta a kwance ta yi. Ko tayi ban tsaya yi ba, kada wani ya riga ni.

Uwargida ta zagaya ta, ta leƙa kujerar baya, ta ce, "Malam, yaran a but za mu riƙa zuba su?" Na ce ai ga tata motar nan ta ɗaukar yara da cefane, wannan ta fita kunya ce. Ranar Juma'a na kai ta masallaci, matasa suka yanyame ta ana ta ɗaukar hoto. Sai ga wani dattijo, mutumin Damagaram, wanda ya tsufa yana tuƙin tasi a garin. Bai kalli fenti ba, bai ce a tayar ya ji kukan injin ba. Tsugunawa ya yi ya shafa taya, ya miƙe ya ce, "Ɗana, Allah ya sanya alheri. To wacce za ka hau da hunturu?"

Na ce, "Baba, ni fa a Kano na koyi tuƙi. Wanda ya fito daga Sabon Gari da yamma a tsakiyar 'yan adaidaita sahu ba ko ƙwarzane, ya ratsa taɓon damina a hanyar ƙauye, ruwan da ya daskare ne zai ba shi tsoro?"

Ya ce, "Haka ne." Ya karɓi wayata ya sa mini lambarsa.

Satumba da Oktoba na more kuɗina, ba ƙarya. Na tura hoto gida, na jingina da bonet, hannu ɗaya a aljihu. Kafin mako ya zagayo buƙatun dangi sun ninka, har da wanda rabona da shi tun muna makarantar allo.

A Nuwamba dusar ƙanƙara ta sauka. Winnipeg gari ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu gangare, saboda haka ba ni da ko hawan da zan ɗora wa laifi. A danja abin ya same ni. Ta ba da hannu, na taɓa totur yadda na saba, injin ya yi ruri, tayoyin baya suka hau wulwulawa a wuri ɗaya. Sai gindin motar ya fara zamewa gefe, a hankali, cikin natsuwa, ina murza sitiyari tana yin abin da ta ga dama, har na tsinci kaina ido cikin ido da direban bas ɗin da ke bayana. Mutanen Kanada akwai ladabi. Hannu kawai ya ɗaga mini, na ɗaga masa. Wata tsohuwa a 'yar ƙaramar mota, da ƙyar kanta ya wuce sitiyari, ta kewaye ni ta yi tafiyarta ko santsi babu.

Mai sayar da taya ne ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Tayar da ke ƙafar motata ta bazara ce, robarta an haɗa ta ne don ta kama kwalta mai zafi. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 sai ta fara tauri, a ƙasa da sifili kuwa ba ta kama komai. Tayar hunturu tana nan da laushinta cikin sanyi, ga tsaga-tsaga sirara a jikinta masu cizon ƙanƙara, kuma ana gane ta da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a tsakiya. Faɗin tayar da nake taƙama da shi ma cikas ne, domin mai faɗi hawa kan dusa take yi, siririya ce ke yanka ta ta sami abin kamawa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tebur ya ce kowace taya iyakar abin da take taɓawa na ƙasa ke nan. Wato dawakan nan 400 da na tara, biyu ne kacal a cikinsu ke da kofato, sauran haniniya suke taya ni.

Da a lardin Quebec na sauka da doka ta rufa mini asiri, don can tun 2008 tilas ne a sa tayar hunturu, kuma yanzu wa'adin daga 1 ga Disamba ne zuwa 15 ga Maris. A namu lardin, Manitoba, an bar kowa da hankalinsa, ba a tambayi wanda ya zo da nasa ba. Abin da suka yi shi ne kamfanin inshorar mota na gwamnatin lardin yana ba da rance mai sauƙin ruwa don sayen irin tayar. Da na ji kuɗin guda huɗu a girman ƙafar tawa, sai na gane rancen da irina aka yi shi.

Aka kuma ce in ɗora nauyi a but don tayoyin baya su danne ƙasa. Me za a ɗora? Yashi. Ni da na baro yashi kyauta a ƙofar gidanmu, iska na kwaso shi tana zuba mana a tuwo, na zo na tsaya a layi na saye shi da dala, a cikin buhu mai tambari. Aka ƙara da cewa in riƙa yawo da ƙasar da ake zuba wa kyanwa ta yi bayan gida, in na kafe in barbaɗa a ƙarƙashin taya. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta yi murmushi ta tambaye ni sunan kyanwar tawa. Na ce mata ja ce, ƙofa biyu.

Gaskiya sabbin tayoyin sun yi aiki, motar ta fara jin magana. Wannan ne ya sa na koma ɗaga kafaɗa. Wata safiya na taka birki a kan ƙanƙarar nan da ba a gani, wadda ke kwanciya a kan kwalta kamar jiƙewa ce kawai, sai fedar ta hau kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata tana gurnani. Na ce shi ke nan wani abu ya tsinke, na ɗage ƙafa. Ashe na'urar ABS ce ke aikinta, tana kamawa tana saki don kada taya ta kulle, kuma abin da ake so shi ne ka danne ka riƙe. Tulin dusar bakin hanya ne ya ƙarasa mini birkin.

Amma inda na fi shan wuya shi ne lungun bayan gida, inda garejinmu yake. Motoci suna bi su haƙa kwari biyu, a tsakiya kuma ƙanƙara ta yi kunya mai tsayi. Motar kowa tana haye ta ta wuce. Tawa ta hau da ciki ta zauna daram, tayoyin baya suna lilo. Na barbaɗa ƙasar kyanwa har buhu ya ƙare, taya ba ta ma san ina yi ba, tunda ba ta taɓa ƙasa. Maƙwabta suka fito da shebur, har da wani ɗan Filifin da matarsa, ana turawa ana ba ni haƙuri kamar su suka yi mini laifi. Uwargida tana taga da kofin shayi. Ba ta ce uffan ba, wanda ya fi zafi. Washegari katafilar share hanya ta bar tudu a bakin lungun, na ce bari in ja da baya in keta shi da gudu. Na keta. Leɓen bambar gaba dai ya zauna a can, sai da dusa ta narke muka sake haɗuwa.

Tun zuwana nake ganin wayar lantarki na reto a hancin motocin garin, ga soket a wuraren fakin, na ɗauka duk masu caji ne. Ashe hita ce da ke cikin injin, ana jona ta da dare don kada baƙin mai ya yi kauri. Tawa ba ta da ita, ai ba ta taɓa ganin Janairu a waje ba. Wannan gari ne da sanyi ke wuce digiri 30 ƙasa da sifili, garin da a ƙarshen 2013 jaridu suka ruwaito ya fi wani sashe na duniyar Mars sanyi. Wata safiya na murɗa makulli ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Na lalubo lambar nan da aka sa mini.

Baba ya iso da tsohuwar motarsa mai tsatsa har a ƙofa, ya jona batir da batir, ta tashi. Yana naɗe waya ya ce, "Ɗana, ya mutanen Sabon Gari?" Na ce suna gaishe shi.

Ni dai har gobe ban yarda motar tsere ba ta hawuwa da hunturu ba. Tana hawuwa, in ka ba ta tayar da ta dace, ka lallaɓa totur, ka ninka ratar da ke tsakaninka da na gabanka, ka kuma sami filin fakin da ba kowa ka koyi yadda ake kallon inda kake son zuwa idan gindi ya zame, ba inda kake tsoron bugawa ba. Wanda bai saya ba tukuna ya nemi mai ja da ƙafa huɗu, irin Subaru WRX, ko zuriyar Audi Quattro da ta fito a 1980 ta gagari kowa a tseren daji. Sai dai ƙafa huɗu tashi take taimaka wa, ba tsayawa ba. A wajen birki kowace mota ƙafa huɗu gare ta, kuma taya ce ke yanke hukunci. Abin da babu dabarar da ke maganinsa shi ne cikin da ke jan ƙasa. 'Yan gari sun daɗe da warware wannan: kyakkyawar a gareji, su sayi wata gwanjon da ko gishirin hanya ya ci ta ba asara.

Tawa yanzu tana ƙarƙashin tamfol, yashinta na but. Uwargida ce ke sauke ni a wurin aiki bayan ta sauke yara, kuma ni ke zama a baya in ƙaramin ya riga ni cewa gaba.

Saboda haka ina roƙon 'yan uwan da suka ga hoton nan, musamman mai neman jarin kaji da mai shirin ƙara aure, su yi mini haƙuri zuwa Mayu. Har yanzu ina biyan bashin taya, ga na mai janwe bai fita ba.