Wasiƙa Zuwa Ga Ƙwayar Fluvoxamine

Ya ke ƙwayar magani,

Na rubuto miki ne domin sunanki ya fara yawo a bakin masu fama da mafarkin ido biyu, kuma ina tsoron kada a ɗora miki kayan da ya fi ƙarfinki.

Ina da ƙanwa da kan rufe ƙofar ɗaki, ta toshe kunne da waƙa, ta yi ta kai da kawowa tsakanin gado da taga, leɓɓanta na motsi, yanzu murmushi, an jima hawaye. A cikin kanta akwai gari guda da mutanensa, da aurarrakinsu da rigingimunsu, shekara da shekaru tana gina shi. Ta san sarai ba gaskiya ba ne. Ba ta jin muryoyi, ba ta ganin abin da babu. Dainawa ce ta gagare ta. La'asar ta wuce ta, shinkafa ta kama a tukunya, littafi ya kwana a shafi ɗaya. A gida wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce lalaci, ita kuwa kunya ta rufe mata baki.

Eli Somer, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Haifa, shi ya raɗa wa wannan hali suna a 2002, bayan ya lura da shi a jikin mutum shida da yake dubawa. A 2009 wasu masu bincike, Schupak da Rosenthal, suka wallafa labarin wata mata da ta shafe fiye da shekara 10 tana shan ki, ta ce kin taimaka mata ta riƙe linzamin tunaninta. Daga nan farin jininki ya samo asali. Amma fa mace ɗaya ce tak. Har yau manyan kundayen cututtukan ƙwaƙwalwa, na Amurka da na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba su lissafa wannan hali a matsayin cuta mai zaman kanta ba, balle a ce ga tabbataccen maganinsa.

Ban raina ki ba. Babban aikinki shi ne maganin cutar waswasi, wadda kan sa mutum ya yi ta maimaita abu ba da son ransa ba, kuma kina yinsa ta hanyar barin sinadarin serotonin ya daɗe yana aiki tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Da yawa cikin masu irin wannan mafarki suna ɗauke da waswasi, ko matsananciyar damuwa, ko rashin iya tattara hankali wuri guda. Idan likita ya tono wanda ke ƙasa, zai san ko ke ce kika dace. Mai rashin tattara hankali ma maganinsa daban ne.

Hankalina bai kwanta ba saboda na san yadda muke sayen magani: a ji suna, a nufi kemis. Ke kuwa sai an yi makonni kafin a ga amfaninki. Kikan zo da tashin zuciya da kasala. Ba a yanke ki rana ɗaya. Kina hana hanta saurin kawar da kafeyin, don haka mai cin goro da mai shan kofi ko shayi mai kauri na iya kwana ido biyu, zuciya na dukan uku-uku. Ga matasa 'yan ƙasa da shekara 25 kuma, farkon shan ki na iya zuwa da tunanin halaka kai. Wane mai kemis ne zai zaunar da yarinya ya gaya mata wannan, ya kuma bibiyi halin da take ciki?

Ko kin yi aiki, akwai inda ba za ki kai ba. Ƙanwata ta fara gina garin nan ne a lokacin da babu mai sauraronta. Tana bukatar wanda za ta buɗe wa cikinta ba tare da an yi mata dariya ba, wanda zai taya ta gane abin da ke kunno mafarkin, waƙa ce ko kaɗaici, har ta koyi katse shi.

Don Allah ki tsaya a hannun likitoci. Iyaye kuma da ke karanta wannan, in kun ga haka a gidanku, kada ku aika kemis. Ku kai yaranku wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin Dawanau ne, ko na Barnawa, ko na Kware, a saurare su tukuna.

Wassalam.